Haƙori Sittin da Huɗu

Duk wanda ya ci kasuwar Bukkuyum a shekarun nan ya san Sambo mai igiya. A bakin kara yake zama, wurin da ake cinikin shanu, ya baje dabaibayi da igiyar guga da dangwalin ɗaure maruƙa, kekensa mai ƙafa uku yana ajiye a gefe. Akwai masu ce masa Sambo Gurgu, amma waɗannan ragwayen baki ne, irin mutanen da in sun hango abu ɗaya a jikin mutum sai su rufe ido ga sauran. Igiyarsa ba ta tsinkewa. In kuwa ya kalli saniya sau ɗaya, zai gaya maka haihuwarta nawa da abin da ke damunta. Shi ya sa dillalan kara ba su cika son ya buɗe baki ba in ana tsakiyar ciniki.

Shi ne ɗa na biyu a rugar Bello, can bayan gari. Yana da shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, ya tashi ƙafafu sun shanye. Tun daga nan shekararsa ta rabu gida biyu. Da damina shanu suna gida, shi kuma yana tsakiyarsu da jan gindi, yana cire musu kaska, yana ɗaure maruƙa, ya san kukan kowace saniya ko da idonsa a rufe. Da rani kuwa, in an gama cin karan gonaki, tabkuna sun ƙafe, sai ruga ta tashi zuwa fadamun Gummi, tafiyar kwana uku. Sau ɗaya aka taɓa gwada tafiya da shi, yana ɗan shekara bakwai. Aka ɗaure shi a kan takarkari, ba a yi nisa ba san ya zame a wani kwazazzabo, yaro ya faɗo ya karye a kafaɗa. Bello ya rantse ba za a sake ba, kuma Bello ba ya rantsuwa biyu.

Saboda haka duk ranar tashi sai Magaji, mai masaukin ubansa a cikin gari, ya zo da jaki ya ɗauke shi. Abu ɗaya Sambo yake roƙo, a tsaya da shi a bakin burtali har shanu su wuce. Nan zai zauna yana kallonsu suna tafiya, wutsiya bayan wutsiya, har ta ƙarshe ta shige daji. Ba ya kuka, Bafulatani ne. Sai dai ranar ba ya cin abinci. In sun dawo da farkon damina kuwa, ba ya barin kowa ya huta da tambaya: wace bishiya ce bayan kwazazzabon, ina aka kwana, mashaya ta fari da ruwa ko babu. Da haka ya haddace hanyar Gummi kaf, bai taɓa ganinta ba.

Keken ya zo masa ne wajen 1977, irin wanda ake juyawa da hannu. Shi ya kai shi kasuwa, kasuwa ta ba shi sana'a, sana'a ta ba shi Dija, mace mai ƙarancin magana da saurin ƙafa. Bayan shekara uku wani makaniki a Anka, Maikuɗi, ya ɗaura masa ɗan tsohon inji da ya ciro daga wani ƙaramin babur. Injin ya tsufa tun kafin su haɗu. A kan hanyar tsakuwa yana lallaɓawa, amma da ya taka yashin burtali sai ya yi tari biyu ya yi shiru. Haka suka yi ta fama da juna har injin ya mutu gaba ɗaya.

A shekarar da ya mutu ɗin ne cutar bushiya ta shigo ƙasar. Garken Bello na shanu sittin da 'yan kai ya koma goma sha tara. Bello bai ga daminar gaba ba. An ce ciwon ƙirji ne, amma kowa ya san abin da ya kwantar da shi. Babban ɗansa Surajo ya kasa kallon ragowar garken, ya ɗauki sandarsa ya tafi kurmi aikin gadi. Ruga ta rage daga Sambo sai Dija sai tsohuwarsa, Inna Hure.

Bayan kaka Baffa Uba, ƙanen marigayi, ya zo da la'asar. Ya zauna a kan buzu, ya sha nonon da Inna ta kawo, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Ba mugun mutum ba ne, kada a yi masa ƙarya. Abin da ya zo faɗa shi ma yana yi masa nauyi.

"Sambo, rani ya matso," in ji shi. "Shanun ga ba su zama nan su mutu. In haɗa su da nawa, ɗiyana su tahi da su. Kai da Innakka da mai ɗakinka ku koma gidan Magaji."

Ba wanda bai san ma'anar wannan magana ba. Shanun da suka yi rani ɗaya a bayan wani mutum, muryarsa suke koya. Za su dawo da sunan naka ne, amma garkensa za su bi. Wutar da ake hura wa shanu kowace yamma a rugar Bello, tun kafin a haifi Sambo, daga ranar ta mutu ke nan.

"Baffa, ni za ni ja su."

Baffa bai kalli ƙafafunsa ba. Don kunya sai ya kalli wata bishiya can nesa. "Da mi?"

"Da keke."

"Keken da injinai yam mutu?"

"A sa mai wani."

Baffa ya yar da tsinken. Can ya ce, "Ka san makiyayi gaba shika shiga, shanu su bi shi. Babu gudu, babu tsayawa. In ka bar su baya su watse, in ka tsaya su hwaɗa audugar mutane. To, na ji. Ranar tashi, in sun bi ka har mashaya ta hwari, naka na, ba ni ƙara magana. In ba su bi ba, kada ka ce Baffanka ya yi maka ƙwace."

Washegarin kasuwa aka ɗora keke a kan mota, aka ɗora mai shi, sai Anka.

Maikuɗi dai suna ne kawai, rigarsa ɗaya ce kuma baƙin mai ya cinye ta. Gajere ne mai yawan surutu, kuma abu ɗaya ya yarda da shi a duniyar inji, gudu. Duk babur ɗin da ya fito daga rumfarsa sai kaji sun sha wuya. Aka yi sa'a yana da inji a ƙasa, na wani babur da ya lanƙwashe a jikin kuka, mai shi ya tashi lafiya ya ce shi da babur har abada. Kwana biyu Maikuɗi ya yi yana ɗaura shi. Ya mayar da komai hannu, giya da birki da sandar tayarwa. Da ya ga abin ya yi kyau sai zuciyarsa ta ɗebe shi, ya shafa koren fenti, ya ƙara da madubi a hannun dama, kyauta.

Abin da bai taɓa ba shi ne farantan kaca. Ƙarfin inji ta kaca yake bi ya isa ƙafafun baya, ita kuma kacar farantai biyu masu haƙora take hawa, ƙarami a jikin inji, babba a wajen ƙafa. Na keken Sambo, ƙaramin haƙori goma sha huɗu ne, babban ashirin da takwas. Sun dace da tsohon injin da ba shi da numfashi. Sabon kuwa ya ninka shi ƙarfi har uku.

Sambo ya hau, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali yadda ya saba. Keke ya zabura. Ya wuce mai ƙosai, ya wuce masu faci, ya tsallake wata 'yar kwata, bai tsaya ba sai cikin tarin harawar wani bawan Allah. Maikuɗi ya biyo shi da gudu yana tafi, bakinsa har kunne.

"Ka gani, Arɗo? Wagga hwa giya ta ɗaya ta. In kas sa ta ukku, kana Gummi kahin shanunka su gama hamma."

Sambo ya zare harawa daga malafarsa, ya zare daga wuyan riga. "Malam Maikuɗi, ba gudu nika so ba."

"To mi kaka so?"

"Tahiyar saniya."

Maikuɗi ya nemi wani gwangwani ya zauna. Shekara ashirin yana wannan aiki, ba a taɓa zaginsa haka ba. Mutum ya samu inji irin wannan, ya ce a mayar masa da shi saniya. Da Sambo ya warware masa zancen Baffa da ranar tashi, sai ya ɗan sauko, amma ba duka ba. Ya ce ai da sauƙi, ya riƙe kuloci rabi-rabi, keke zai ja jiki. Sambo ya gwada. Kafin ya zagaya kasuwa sau biyu hannunsa ya ƙage, wani wari kamar na ƙonannen fata ya tashi daga inji. Maikuɗi da kansa ya ce a kashe, kada a ƙone masa aiki.

Sai ya koma kan farantai, yana gunaguni. Dokar abin ba ta da wuya: in ka rage haƙoran na gaba ko ka ƙara na baya, gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ƙaru. Ya sa mai goma sha biyu a gaba. Ya tona buhunan tsofaffin ƙarafa na Anka kaf, ya samo mai arba'in da biyu, wanda ya fi kowane girma, ya sa a baya. Daidai lokacin wani mahauci ya zo wucewa janye da bijimi. Maikuɗi ya ce Sambo ya jera da su. Suka tafi kai da kai har bakin mahauta.

"To, ga tahiyar saniya. Sai mi kuma?"

Sambo ya girgiza kai. "Wanga sa na da aka ja da igiya, mai jan nai kuma shina sauri. Garke ba haka shika tahiya ba. Garke tahiyar uwar gaba shika yi. Tamu Wule ta, ta tsuhwa, kuma tana da ciki wata bakwai."

"Kawo ta in gani."

"Tahiyar kwana biyu da tsohon ciki?"

Nan magana ta tsaya. Maikuɗi bai san tafiyar Wule ba, Sambo kuma ba shi da bakin da zai faɗe ta da harshen makanikai. Ya bar keken a rumfa, ya bi motar kasuwa ya koma gida, yana ta juya abin a ransa.

Abin da mutum ya iya, da shi yake auna duniya. Sambo igiya ya iya. Ya ɗauko wadda ya tufka gaba hamsin cif, ya sa Dija ta miƙe ta a gefen burtali da sassafe, ta kafa turke a kowane baki. Da shanu suka fito kiwo, Wule a gaba da farin goshinta da ƙahonta ɗaya da ya karkace, yana zaune da carbi a hannu. Tana taka turken fari ya fara, Subhanallah, Subhanallah, ba sauri ba ja. Tana isa turke na biyu carbi ya ƙare, casa'in da tara. Ya sake washegari, ya sake jibi, don kada a ce ranar farko tana jin ƙyuya ne. Duk bambancin bai wuce ƙwaya ɗaya ko biyu ba.

Ya koma Anka da igiya a kafaɗa da carbi a wuya. Aka miƙe igiya a bayan kasuwa, mutane suka taru, don a garin ba a taɓa ganin an auna inji da tasbihi ba. Maikuɗi ya ce ko ba komai dai an samu lada. Ya hau keken da kansa, ya sa giya ta ɗaya, ya bar inji yana bugawa a hankali ba tare da an murɗa masa wuta ba. Sambo yana ja. Keke ya isa turke na biyu yatsansa yana kan shaida ta biyu ta carbin, sittin da shida.

"Kashi biyu yac ci," in ji Sambo. "Wule ukku taka ci. Abin da ka biyu, in kana son shi zama ukku, rabinai kaka ƙara mai."

Maikuɗi ya tsuguna ya zana a ƙasa da bakin sifana. Rabin arba'in da biyu, ashirin da ɗaya. A haɗa, sittin da uku. Ya kalli lambar, ya kalli Sambo.

"Hwaranti mai haƙori sittin da ukku? Ko Gusau babu shi. Ko Sakkwato kat tahi dariya za a yi maka."

"Ke nan ba a yi?"

To, nan Sambo ya taɓa shi inda yake da ƙaiƙayi, ko da saninsa ko babu. Maikuɗi zai iya jure a ce aikinsa ba ya gudu, da ƙyar. Amma a ce akwai abin da ba a yi, a gaban mutane, a bakin rumfarsa? Ya miƙe ya karkaɗe wando. "Wa yac ce ba a yi? Cewa niy yi babu shi."

Suka tafi maƙerar Muntari, dattijo mai kunne ɗaya da ke ji. Muntari ya ciro wani faffaɗan ƙarfe daga gindin tsohuwar tifa da ta mutu a bayan gari. Yadda za a raba haƙoran daidai shi ne aiki, kuma dabarar ta Maikuɗi ce, a ba shi abinsa. Ya ce kacar da za ta hau farantin ita za ta faɗi inda haƙoranta suke. A ƙirga gaɓa sittin da uku, a haɗa bakinta ta zama zobe, a shimfiɗa a kan ƙarfen, a buga alama a kowace gaɓa. Da aka zo haɗawa sai ta ƙi. Kaca bibbiyu take tafiya, gaɓar ciki da ta waje, ba ta haɗuwa a kan sittin da uku. Sai dai da biyu ko da huɗu.

Maikuɗi ya ce, "Zaɓi, Arɗo. Da biyu ka ɗan hi ta sauri kaɗan, da huɗu ta ɗan hi ka."

"Da huɗu," in ji Sambo, bai ko yi tunani ba. "Guda na maruƙa na. Su ma suna cikin tahiyar."

Kwana huɗu ana huda, ana sara, ana goga da zarto. Sambo ma ya karɓi zarto, don hannun da ya shekara yana tufka da juya keke ba ƙaramin hannu ba ne. Da aka ɗaura, kaca ta riƙa tsalle a kan haƙori ɗaya da ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Aka sauke, aka rage masa, aka mayar. Farantin ya fito ƙato, ya kusa faifan rufe ƙwarya, har masu wucewa suna tambaya ko injin niƙa ake haɗawa. Aka koma wurin igiya. Carbi ya ƙare, Sambo ya ƙara ƙwaya biyu, sannan keke ya taɓa turke.

Maikuɗi bai yi tafi ba wannan karon. Ya dafa kan injin ya ce, "Ji nan. Injin ga iska ka sanyaya shi, kuma a tahiyar ga taka babu iska. In yay yi zahi, kashe shi shi huta, in ba haka ba shi ƙone."

"Saniya ma tana kwantawa da rana ta yi tuƙa. Su huta tare."

"Kuma ko giya ta ukku kas sa, mai keken ƙahwa na wuce ka. Don Allah kada ka hwaɗa ma kowa ni niy yi wanga aiki."

Ya faɗi haka ne fa bayan ya riga ya rubuta sunansa da farin fenti a bayan kujerar, da manyan baƙaƙe. Sambo ya ce a cire masa madubin, kada shanu su fasa, shi ba abin da zai kalla a baya. Maikuɗi ya ce an kashe masa gudu ya haƙura, amma madubi ba inda za shi, a bar wa keken ɗan mutuncinsa. Haka Sambo ya kamo hanyar Bukkuyum da kansa. A hanya wani mai keke ya wuce shi, ya yi nisa, ya juyo ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar da ya fara tayar da injin a ruga, shanu suka watse har da tsinke dangwali, kuma kafin magariba labari ya kai kunnen Baffa. Sambo bai fasa ba. Kullum da yamma, lokacin ba su kanwa, sai ya kai keke gindin komi ya tayar, ya bar shi yana bugawa. Cikin mako biyu ƙananan shanu suka gane wannan ƙara da kanwa tare suke zuwa, da sun ji sai su taho. Yashin burtali ma da ya gwada, keken ya ratsa shi bai ko yi tari ba. Wule ce kaɗai ta ƙi. Takan tsaya nesa ta zuba masa ido, sai an kashe inji ta matso. Wannan abu ya hana shi sukuni, don ya san in ba ta taka ba, ba wadda za ta yi nisa.

Ana gobe tashi Inna Hure tana ɗaure ƙore a cikin raga, ta yi magana ba ta ɗago ba. "Wule ba kanwa taka bi ba. Shekara goma sha biyu kira guda taka bi."

Ya san kiran. Wata doguwar murya ce da Bello yake ja in ya shiga gaba, ta hau sama ta karye sau biyu. Sambo ya ji ta daga bakin burtali shekara ashirin da huɗu, tana nisa tana nisa har ta ɓace. Amma bai taɓa yin ta ba, ko shi kaɗai. Kiran na wanda ke gaba ne, shi kuwa bai taɓa zama a gaba ba.

Da hantsi aka gama kwance bukkoki, aka ɗora kaya a kan takarkari. Inna ta ɗebi garwashin wutar shanu a kasko ta rufe da toka. Dija ta koma bayan garke da sanda. Baffa Uba ya tsaya a gefe, sanduna biyu a hannunsa, tasa da ta marigayi. Magaji ma ya zo da jakinsa kamar kowace shekara. Ya ce wucewa kawai yake yi, amma kowa ya ga ya shimfiɗa wa jakin buhu.

Sambo ya yi bisimilla, ya ja sandar tayarwa, ya sa giya ta ɗaya. Keke ya shiga burtali yana bugawa a hankali. Karsana biyu suka biyo shi taku kaɗan, suka waiga, suka ga Wule ba ta motsa ba, suka tsaya. Shi bai gani ba, amma kunnensa ya gaya masa, don ba ƙarar kofato a bayansa. Juyawa kuwa ba ta yiwuwa, bayansa ba ya murɗuwa tun karayar nan, ga hannu biyu duk suna aiki. Tsayawa kuma Baffa ya riga ya ce babu. Gaba goma. Gaba ashirin. Da farantin Maikuɗi na fari ne, da tuni ya shige daji shi kaɗai. Wannan kuwa yana tafe yana jira.

Ya buɗe baki, murya ta fito a shaƙe, ta mutu a hanya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya faɗo daga takarkari. Ya cika ƙirji, ya sake. Wannan karon ta hau, ta karye sau biyu daidai inda take karyewa. Inna ta sauke kaskon da ke hannunta ta juya baya, don muryar mijinta ta ji.

Sambo bai san abin da ke faruwa ba, ƙarar inji ta cika masa kunne. Sai idonsa ya faɗa kan madubin nan da ya ce a cire. A ciki ya ga farin goshi da karkataccen ƙaho, suna tahowa, suna girma. Bayansu wasu ƙahoni, bayan waɗannan wasu. Wule ta iso har numfashinta yana taɓa masa wuya, ta daidaita takunta da bugun injin, ba ta wuce ba, ba a bar ta ba. Shekara ashirin da huɗu wutsiyoyinsu yake gani ranar tashi. Bai taɓa sanin haka fuskokinsu suke ba in suna bin mutum, kuma daɗin da ya ji ya fi ƙarfin ƙirjinsa.

Hanya kuwa ba wanda ya nuna masa. Ya gane kwazazzabon, ya bi ta inda ba shi da zurfi. Ya gane marken da tsawa ta raba biyu, ya gane inda burtali ke karkata ya kauce wa gonakin auduga. Rana tana tsaka suka sauka mashaya ta fari, goma sha tara cif, da maruƙansu. Ya kashe inji ya huta. Shanu suka sha, suka kwanta tuƙa kewaye da keken.

Baffa ya iso daga baya, don duk tafiyar a ƙafa ya biyo su. Ya zagaya garken sau ɗaya yana dubawa. Sannan ya zo ya gicciya sandar Bello a kan hannun keken, ya ciri guntun igiya daga kayan Sambo ya ɗaure ta tam.

"Gobe ka yi sammako," in ji shi. "Mashaya ta biyu da nisa."

"Na sani, Baffa. Bayan kukoki ukku."

Baffa ya kalle shi, ya gyaɗa kai, ya juya wajen nasa garken. Sambo ya kama bakin rawaninsa ya goge madubin, ya sake gogewa, ko da yake ba abin da ya same shi. Can a bakin burtali Magaji ya daɗe a tsaye bayan wutsiya ta ƙarshe ta shige daji. Da ya tabbata ba mai dawowa, sai ya naɗe buhun, ya kora jakinsa gari ba kowa a kai.